Masu Gadin Hanta: Tarihin Yadda Aka Gano Abin da Ke Sa Ciwon Hanta Ya Zauna a Jiki

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi ya san tsayuwar da ake yi a Magama Jibiya kafin a tsallaka Ɗan Issa. Jami'an kwastam ba sa kwance kowane buhu. In suka ce sai sun yi haka, ciniki ya mutu, kuma mutanen Jibiya sun ga irin wannan mutuwar kasuwa da aka rufe iyaka a 2019, da kuma 2023 bayan juyin mulkin Nijar. In kuma suka yi sakaci, mugun kaya ya shige.

To, hanta ma haka take. Kusan kashi uku cikin huɗu na jinin da ke shiga cikinta daga hanji yake zuwa, ɗauke da sinadaran abinci da ɓurɓushin ƙwayoyin cuta. Dole masu gadinta su iya kawaici. Sai da masana suka shafe sama da shekara ɗari kafin su gane cewa wannan kawaicin ne ƙwayar cutar hanta nau'in B ke fakewa da shi.

Labarin ya faro a 1876. Wani masani Bajamushe, Karl von Kupffer, ya rina yankan hanta da ruwan zinare, ya hango wasu ƙwayoyin halitta masu siffar tauraro, ya ɗauka ɓangaren bangon hanyoyin jini ne. A 1898 Tadeusz Browicz na birnin Krakow ya nuna cewa a cikin ƙananan hanyoyin jinin hanta akwai ƙwayoyin da aikinsu haɗiye datti da ƙwayoyin cuta. Su ne har yau ake kira ƙwayoyin Kupffer.

A 1969, likitan tiyata Roy Calne na Jami'ar Cambridge ya ba da rahoton wani abin mamaki: in aka dasa wa alade hantar wani alade, sau da yawa jiki yana karɓarta ba tare da maganin danne garkuwa ba, alhali ƙoda ko fata tunkuɗe su yake yi. Wato hanta tana da hanyar lallashin garkuwar jiki. Daga baya aka gano cewa ƙwayoyin Kupffer suna fitar da wani sinadari, IL-10, mai kwantar da hankalin ƙwayoyin T, sojojin da ke kashe duk ƙwayar halittar da cuta ta shiga.

Ita kuwa cutar, Baruch Blumberg ne ya fara cin karo da alamarta a jinin wani ɗan asalin Ostireliya, ya wallafa a 1965, ya samu kyautar Nobel a 1976. David Dane ya ga ƙwayar kanta a Landan a 1970. A 1981 Palmer Beasley, bayan bin diddigin maza sama da 22,000 a Taiwan, ya tabbatar da alaƙarta da kansar hanta.

Amma ta yaya take lalata hantar? A nan ne abin ya juya. Binciken Frank Chisari da Luca Guidotti a Amurka, a shekarun 1990, ya nuna cewa ƙwayar ba ta cika kashe ƙwayoyin hanta da kanta ba. Yaƙin da garkuwar jiki ke yi da ita ne ke jawo ɓarnar. Babban mutum mai lafiya in ya kamu, sojojinsa sukan taso da ƙarfi, wataƙila ya yi shawara, ido ya yi ɗorawa, sannan ya warke. Waɗanda cutar ke zaunawa a jikinsu ba su kai 5 cikin 100 ba. Jariri kuwa, masu gadinsa sukan karɓe ta kamar 'yar gida, kuma kusan 90 cikin 100 na jariran da suka kamu suna girma da ita.

Shekaru na tafiya, sai a shiga yaƙin da ba nasara ba sulhu. Ƙwayoyin T sun gaji, ba su iya gamawa da cutar, ba su kuma daina jikkata hanta ba. Kowane rauni, ƙwayoyin Kupffer na aika saƙo ga wasu ƙwayoyi masu siffar tauraro su zuba tabo, har hanta ta ƙandare. Wani abin ban sha'awa, a 1971 Kenjiro Wake na Japan ya nuna cewa waɗannan masu zuba tabon su ne ainihin abin da Kupffer ya hango tun 1876.

Me ya haɗa wannan da Jibiya? A yankinmu yawanci a ƙuruciya ake kamuwa: daga uwa lokacin haihuwa, tsakanin yara a gida, ko ta askar da aka yi wa yara da yawa kaciya, tsaga ko cire beli da ita. Binciken ƙasa na 2018 ya gano kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da cutar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 a duniya a 2022. Najeriya ta saka rigakafin cikin alluran yara a 2004, Nijar a 2008. Ke nan galibin iyayen da ke haihuwa yau a tsallaken biyu ba a yi musu ba.

Magani irin su tenofovir yana danne cutar ya kare hanta, sai dai bai cika tumɓuke ta ba, domin tana ajiye kwafin kanta a cikin ƙwayoyin hanta. Shi ya sa allurar farko cikin awa 24 da haihuwa take da muhimmanci: tana nuna wa garkuwar jariri fuskar cutar kafin ta iso. Matar da ta zo goyon ciki gidan iyayenta daga Maraɗi ko daga Katsina, a yi mata gwajin jini tun a wurin awo, kuma ko a gida ta haihu, a kai jaririn asibiti a ranar, kada a jira suna.