Kogin Haɗeja da Mutanen Guri

Ƙasar Guri tana arewa maso gabas da Haɗeja, cikin fadamar da kogi ke malala kafin ya kai Nguru da Gashuwa. Mazaunanta iri-iri ne: Hausawa, da Mangawa, da Badawa, da Filani. Harsunansu dabam-dabam, amma abincinsu duka daga kogin nan yake.

A zamanin da, ruwa yakan cika fadama da damina, ya janye da rani. Manoma su shuka shinkafa, masunta su kama kifi, in ƙasa ta tsane Filani su kawo shanu. Kowa da lokacinsa.

A cikin 1974 aka gama madatsar Tiga a ƙasar Kano, a 1992 kuma ta Challawa. Daga nan kogi ya sake hali, ya riƙa gudana kaɗan-kaɗan rani da damina. Sai ciyawar kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa. Waɗansu garuruwa ruwa ya ci gonakinsu, waɗansu kuwa ko ɗigo ba ya isa gare su. Jan baki ya yi sheƙa cikin ciyawar, ya faɗa wa shinkafa. Makiyaya ta ƙuntata, rigimar manomi da makiyayi ta yawaita.

Da aka kafa Jihar Jigawa a 1991, aka yi mata majalisa a Dutse, inda Guri ke da wakili guda. Kukan da garuruwan nan suka riƙa aika masa ɗaya ne, watau a buɗe wa ruwa hanya. Su kansu sukan yi gayya, su shiga kwalekwale da lauje su sare kacala, gama sun gane in na sama bai yashe ba, na ƙasa ba zai sha ba.