Iyayen Sabo da Firamaren Gwamnati: Daga 1955 Zuwa Yau

Duk ƙarshen zangon karatu, in yara suka dawo da katin sakamako, hira ɗaya ce a bakin shaguna da ƙofar masallaci: me ya sa 'ya'yanmu da ke firamaren gwamnati suka cika zama a ƙasan aji, alhali su ne ake yabo da kaifin hadda a Islamiyya? Wani ya ce laifin malamai ne, wani ya ce na gwamnati ne, kuma kowa da tasa gaskiyar. To amma wannan tambaya ta girme mu. In muka bi tarihin unguwar nan za mu ga sakamakon yaro ya daɗe yana bin sawun iyayensa. Inda uba da uwa suka tsaya game da makaranta, nan yaro yake tsayawa.

An kafa Sabo a 1916, lokacin da aka ware wa Hausawan Badun wannan wuri kusa da Mokola. Jirgin ƙasa ya iso Badun tun 1901, ya kai Kano a 1911, sai fatauci ya buɗe: shanu su gangaro kudu, huhunan goro su hau Arewa. Kakanninmu sun san irin ilimin da wannan sana'a take buƙata, kuma sun ba 'ya'yansu shi. Yaro ya yi allo har ya sauke, ya iya ajami don rubuta wasiƙa zuwa ga abokin ciniki a Kano ko Sakkwato, ya iya lissafin ka, sannan ya zauna gaban maigida ya koyi dillanci da riƙon amana. Wani malamin jami'a daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna a unguwar nan a 1962 zuwa 1963, ya rubuta littafi a kanta da ya fito a 1969, inda ya nuna yadda ake ba da shanu bashi a kan amanar maigida kawai. Mutanen da suka riƙe irin wannan ciniki ba za a kira su jahilai ba. Suna da makarantarsu, kuma tana biya musu buƙata.

Sai ga 1955. A ranar 17 ga Janairun wannan shekara gwamnatin Jihar Yamma ƙarƙashin Obafemi Awolowo, tare da ministan iliminsa S. O. Awokoya, ta fara ba da ilimin firamare kyauta, shekara shida. Yaran da ke firamare a Jihar Yamma sun tashi daga kimanin 457,000 a 1954 zuwa kimanin 811,000 a 1955. Unguwannin da ke kewaye da mu suka cika da yara masu yunifom, amma mafi yawan gidajen Sabo suka ja baya.

Dattawanmu sun ba mu dalilansu, kuma ba na banza ba ne. Makarantu da yawa a lokacin a hannun 'yan mishan suke, iyaye na tsoron yaro ya tafi da sunan Musa ya dawo da wani sunan. Karatun ƙananan azuzuwa da Yarbanci ake yi. Ga shi mutanenmu suna ɗaukar kansu baƙi ne da za su tara abin da ya samu su koma gida, ko da kuwa a nan aka haifi mutum, a nan aka binne ubansa. Shekara uku kacal kafin nan, a 1952, Sabo ta fara tsayar da Juma'arta ita kaɗai maimakon zuwa babban masallacin cikin gari, wato unguwa tana ƙara tattara kanta wuri guda ke nan. Sannan kasuwar shanu da ta goro ba su taɓa tambayar kowa takardar shaida ba.

Abin lura shi ne, Musulmin Yarabawa ma sun ji irin wannan tsoron, sai dai su sun yi masa magani dabam. Ƙungiyar Ansar-ud-Deen da aka kafa a Ikko a 1923 ta shiga gina makarantun boko inda yaro zai yi karatu addininsa na nan daram, wasu ƙungiyoyin ma suka bi sahu. Kafin shekara ashirin da fara ilimi kyauta, 'ya'yan maƙwabtanmu ne akawu a ofishin haraji, su ne tafinta a kotu, su ne ma'aikatan jinya a asibiti. Attajirin Sabo mai garken shanu kuwa, in takarda ta zo daga hukuma, sai ya nemi mai karanta masa.

Wannan ciwon ne ya sa da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin UPE a Satumban 1976, iyayenmu ba su yi irin ta kakanni ba. An yi tsammanin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a faɗin ƙasa, sai kimanin miliyan 3 suka fito. Mu da muke da shekara hamsin da 'yan kai yanzu, mu ne yaran wancan lokaci. Wasunmu an sa su boko, wasunmu an bar mu a allo da Islamiyya, a gida ɗaya ma sai a raba, wannan ya tafi, wancan ya zauna shago. Daga 1979 zuwa 1983 gwamnatin Bola Ige a tsohuwar Jihar Oyo ta ƙara da raba littattafai kyauta, sai nauyi ya ƙara sauƙi.

To amma iyayenmu a bakin ƙofa suka tsaya. Uba ya kai yaro ranar farko, ya damƙa shi, shi ke nan sai ranar da aka aiko a zo an yi faɗa. Ba ya karanta boko, taron iyaye da malamai kuma da Yarbanci da Turanci ake yinsa, mutum mai daraja a kasuwa ba ya son ya zauna kan bencin yara ana magana yana kallo. Uwa tana cikin gida, ba ta fita. Katin sakamako ma yaron ne yake karanta wa babansa. Har yau ana raha da labarin yaron da ya zo na 38 cikin 40, ya ce wa tsohonsa ya ci talatin da takwas, tsoho ya sa masa albarka har da tukuicin tsire. Abin dariya ne, amma gidaje nawa aka yi haka?

Akwai kuma maganar harshe, wadda iyaye da yawa ba su san da ita ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da yaro a azuzuwan farko da harshen uwarsa ko harshen yankin da yake zaune, daga baya a koma Turanci. Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwaji a Ife tun daga 1970, wanda ya nuna yaro ya fi fahimta in an koya masa da harshen da ya tashi da shi. Ɗan Bayarabe a Badun ya ci wannan moriyar. Namu kuwa Hausa yake ji a gida, Larabci a allo, Yarbanci a aji, jarrabawa ta zo da Turanci. Wanda aka haifa a nan yana wasa da yaran Mokola, kunnensa ya riga ya buɗe. Amma yaron da aka kawo riƙo daga Arewa a tsakiyar shekara, sai ya zauna shiru wata da watanni, malami ya ɗauka daƙiƙi ne, alhali bai ji abin da ake faɗa ba ne. Kuma duk yaron da ya wuce aji uku bai iya karatu da kansa ba, sauran darussa duk sun rufe masa, don daga nan komai ta hanyar karantawa ake koyonsa. Haka za a yi ta tura shi gaba har aji shida, sai jarrabawar shiga sakandare ta tona asiri.

A shekarun 1980 kuɗin mai suka ja baya, tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya zo a 1986, albashin malaman firamare ya riƙa maƙalewa a jihohi da dama, har gwamnatin tarayya ta kafa hukumar kula da firamare ta ƙasa a 1988 don ceto lamarin. Kuɗaɗen karo-karo suka dawo ta bayan gida, makarantun kuɗi suka yi ta tsirowa. Masu hali a cikinmu, 'yan canji da manyan dillalai, suka kwashe 'ya'yansu zuwa can, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Sai dai tafiyarsu ta bar giɓi, don su ne masu bakin da hedimasta zai saurara. Aka bar firamaren gwamnati da 'ya'yan masu dako, masu ga-ruwa, masu shayi da zawarawa, mutanen da in suka bar sana'a na awa biyu tukunyar ranar ta girgiza.

A 1999 aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, dokarsa ta fito a 2004. Ta ce karatun shekara tara, firamare shida da ƙaramar sakandare uku, kyauta ne kuma dole ne, har ta tanadi hukunci ga uban da ya ƙi sa ɗansa. Daga baya aka kawo kwamitin kula da makaranta, wanda ake kira SBMC, inda aka ware kujeru ga iyaye maza da mata da shugabannin unguwa da malaman addini. Wato karo na uku ke nan da aka buɗe mana ƙofa, wannan karon ma har da kujera a ciki. Ku tambaya ku ji, kujerun nan nawa ne mutanenmu suke zaune a kai?

Yanzu mu dubi gidajen da 'ya'yansu suke fita da sakamako mai kyau a makarantar gwamnati ɗin nan dai da muke kuka da ita, don akwai su, kuma mun san su. Yawanci ba masu kuɗi ba ne. Abu na farko da za ka tarar, yaransu ba sa fashi. Zangon karatu kimanin mako goma sha uku ne. In muka kwashi yara zuwa gida Sallah ko biki muka yi mako huɗu, kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi, kuma malami ba zai koma baya saboda mutum ɗaya ba. Yarinyar da sai ta gama tallar koko take shiga aji, kullum darasin farko ya wuce ta, kuma lissafi da Turanci aka fi sa wa da safe. Yaron da ya kai tsakar dare yana taya mai tsire fifita wuta, barci zai yi a kan benci.

Na biyu, a gidajen nan akwai mai buɗe jakar yaro da dare. Ba lalle sai wanda ya yi boko ba. Uwar da ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba tana iya gane littafin da aka yi rubutu yau da wanda aka yi mako ba a taɓa ba, tana iya gane jan biro. Tana iya cewa karanta mini, sannan faɗa mini da Hausa abin da ka karanta. Wannan tambaya ta ƙarshe tana da muhimmanci, don yaranmu sun saba da hadda, suna iya rera shafi guda ba tare da sun san abin da ke ciki ba. Haddar tana taimakonsu wajen jadawalin sau, amma jarrabawa fahimta take nema.

Na uku, malamin aji ya san fuskar wani daga gidan. Ajin da ya cika maƙil, hankalin malami yakan fi karkata ga yaron da ya san za a zo a tambaye shi labarinsa. Zuwa da kai ya fi aike. In uba ba zai iya barin kasuwa ba, ai akwai kawu, akwai gwaggo, akwai yayar da ta gama sakandare kuma tana jin Yarbanci.

Ba muna wanke hukuma ba ne. Ƙarancin malamai da cunkoson aji da rufin da ke yoyo haƙƙi ne a wuyanta. Amma kukan da aka yi a bakin shago a nan yake ƙarewa, wanda aka rubuta a taron kwamiti kuwa yana da hanyar da zai bi ya kai ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. In muka je da yawa, muna iya roƙon a sa taro a lokacin da kasuwa ta lafa, a kuma ba mu mai fassara. Mu masu koyarwa a allo da Islamiyya ma da namu aikin: mu sallami yara da wuri da safe, mu riƙa tambayar katin boko kamar yadda muke tambayar hadda, sannan matasanmu da suka yi karatu su ba da awa ɗaya a mako ga yaran da aka kawo daga Arewa har kunnensu ya buɗe.

Kakanninmu sun ƙi shiga don tsoron addini, kuma a zamaninsu tsoron yana da tushe. Iyayenmu sun kai mu ƙofa, rashin harshe ya tsayar da su. Mu yawancinmu muna jin Yarbanci, wasunmu na karanta Turanci, waya na aljihunmu, ba mu da uzurinsu. Kafin sabon zango ya yi mako biyu, kowane gida ya tura mutum ɗaya ya gaisa da malamin ajin ɗansa, ya karɓi lambarsa, ya tambaye shi abu guda: yaron nan ya iya karatu da kansa ko bai iya ba? Allah ya raya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.