Daga Gashin Doki zuwa Tafin Ƙafa

A shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa, daga mazauninta a Kaduna, ta baza ɗakunan shan magani a garuruwa da ƙauyuka inda ake bai wa masu kuturta ƙwayar dapsone. Maganin yana kashe ƙwayar cutar, amma ba ya raya jijiyar da ta riga ta mutu. A wannan zamanin ne likitan fiɗa ɗan Ingila, Paul Brand, ya nuna a Vellore ta ƙasar Indiya cewa yawancin dungulmin yatsu daga rashin jin ciwo yake tasowa: mutum ya taka ƙaya bai ji ba, rauni ya zama gyambo, gyambo ya ci ƙashi. Saboda haka sai aka buƙaci hanyar gane ƙafar da ta daina ji tun kafin ta ji rauni.

Abin awon kuwa ya daɗe da samuwa. A shekarun 1890 Max von Frey, masanin aikin jiki a Jamus, ya liƙa silin gashi, har da na doki, a bakin tsinke. Idan aka danna sili a fata yakan lanƙwashe da zarar ƙarfin ya kai wani mizani, ba ya wuce nan ko da hannun mai awo ya yi nauyi. A 1960 Josephine Semmes da Sidney Weinstein suka wallafa bincikensu kan sojojin Amurka masu rauni a ƙwaƙwalwa, inda zaren nailan mai kama da na fatsa ya maye gurbin gashi. Daga baya asibitin kutare na Carville, a jihar Louisiana, ya tsayar da mizani: tafin da bai ji zaren giram 10 ba yana cikin haɗarin gyambo. Taɓawa zaren yake aunawa, sai dai ɓacewarta alama ce ta jijiyar da ba za ta kai saƙon ciwo ba.

Kuturta ta ragu a Najeriya, ko da yake cibiyar Saye da ke Zariya tana ci gaba da horar da ma'aikatanta. Ciwon sukari ne ya gaji matsalar, domin shi ma yana kashe jijiyoyin ƙafa, ya kai ga yankewa. Mai ciwon sukari a Kawo ko Unguwar Rimi da ke zuwa Asibitin Koyarwa na Barau Dikko yana buƙatar wannan gwaji aƙalla sau ɗaya a shekara. Ba ya cin lantarki, kuma a cikin 'yan mintuna ake gama shi.