Ganuwar Kano Da Haƙƙin Waɗanda Ba A Haifa Ba

 

Kwanakin baya na bi ta tsakanin Ƙofar Ɗan'agundi da Ƙofar Na'isa, na tsaya ina duban abin da ya saura na ganuwar Kano. Wani wuri ruwa ya zaizaye ta, wani wuri an yanke ta an kafa gini. Wannan ne ya sa na waiwayi tarihinta, domin a ganina akwai wa'azi a cikinsa.

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ne ya fara ginin ganuwa, ɗansa Tsaraki ya kammala. Da gari ya bunƙasa, Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta, ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya kuma kafa Kasuwar Kurmi. A zamaninsa ne Shehu Maghili ya sauka Kano, ya rubuta masa nasiha kan yadda ake riƙon jama'a bisa adalci. Bayansa Muhammadu Nazaki ya sake ƙara mata faɗi a ƙarni na 17.

Abin da ya fi jan hankalina, ya kai mai karatu, shi ne magabatan nan ba su kewaye gidajensu kaɗai ba. Sun haɗa da gonaki da makiyaya a cikin ganuwa, saboda idan abokan gaba suka yi ƙawanya jama'a su sami abinci, idan kuma zuriya ta yawaita ta sami wurin zama. Baturen nan Barth da ya zo Kano a 1851 ya tarar da fili mai yawa a cikin birni ba a gina shi ba. Hatta ramukan da aka haƙa aka ɗebi ƙasar tubali ba su tashi a banza ba. Sun zama kududdufai masu shanye ruwan damina.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, sai gari ya tsallake ganuwa, Sabon Gari da wasu unguwanni suka tashi a waje. Bunƙasa ba laifi ba ce. Laifin shi ne yadda muke cike kududdufai muna yanka filoti, muna tura katanga cikin lungu, har a rasa inda za a bi da makara cikin walwala. Idan ruwa ya rasa hanyarsa, gidan maƙwabci yake faɗawa.

Shari'a kuwa ba ta yi shiru ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya yi hukunci a bar wa hanya zira'i bakwai idan aka yi saɓani, ya kuma yi kashedi mai tsanani ga wanda ya ci ko da taƙi ɗaya na ƙasa bisa zalunci.

Da yawanmu za mu yi gini nan gaba in Allah Ya so. Ranar da magini ya ja igiya, mu tuna hanya da magudanar ruwa na jama'a ne, har da jikokin da ba mu gani ba. Allah Ya sa mu bar musu kamar yadda aka bar mana. Wassalam.