Kuɗin Ratsa Sararin Samaniya: Yadda Aka Keɓe Jiragen Soja

Jirgin fasinja da ya ratsa sararin samaniyar wata ƙasa yakan biya kuɗin jagora, ko da bai sauka ba. Ana lissafin kuɗin ne bisa nauyin jirgin da nisan da ya keta, kuma da shi ake biyan masu ba matuƙa umarni daga ƙasa, ake kula da na'urorin rediyo da na hasashen yanayi. Jirgin soja kuwa sau da yawa ba ya biya.

Tushen wannan bambanci yana cikin yarjejeniyar da aka rattaba wa hannu a birnin Cikago na Amurka ranar 7 ga Disamba, 1944. Sashe na 3 ya taƙaita hurumin yarjejeniyar ga jiragen farar hula, ya fitar da na soja da kwastan da 'yan sanda, sannan ya hana su shiga sararin wata ƙasa sai da izini na musamman. Saboda haka batun kuɗinsu ya koma cikin yarjejeniyoyin tsaro da ƙasashe ke ƙullawa tsakaninsu, inda jama'a ba su cika leƙawa ba.

Amma yafe kuɗi ba ya yafe aiki. Jirgin soja ma sai an ba shi hanya, an raba shi da na fasinja. Tarayyar Turai ta fayyace wannan a dokarta: ƙasa tana da damar keɓe jiragen soja, amma ita za ta cike giɓin daga baitulmalinta. A ganina wannan shi ne adalci, domin ba a ɗora wa fasinja nauyin da bai san da shi ba.

A Nijar, hukumar ASECNA ce ke kula da zirga-zirgar jirage, kamar yadda take yi a Cadi da Kamaru da Benin. An kafa ta a 1959, hedikwatarta tana Dakar, kuma mafi yawan kuɗin shigarta daga kamfanonin jirage yake fitowa. A wannan sarari ne jiragen sojan Amurka suka yi shekaru suna shawagi daga Yamai, daga baya kuma daga sansaninsu na Agadas, bisa yarjejeniyar da ta faro daga wasiƙar diflomasiyya ta 2012. Ranar 16 ga Maris, 2024, kakakin gwamnatin soja, Kanar Amadou Abdramane, ya sanar da soke ta. Cikin dalilan da ya zayyana har da zargin cewa ana tilasta wa Nijar biyan harajin da ya kamata jiragen Amurka su biya, kuɗin da ya ce sun kai biliyoyin sefa. Masu sharhi sun fi mayar da hankali kan kusantar Yamai da Rasha, sai wannan ƙorafi ya nutse cikin hayaniya. Sojojin Amurka sun kammala ficewa a watan Satumba na shekarar.