Haziƙan Yara a Makarantun Firamare na Gwamnati: Nazarin Sauye-sauyen Manufofin Ilimi da Tasirinsu a Birnin Kebbi da Argungu

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin sauye-sauyen da aka samu a tsarin kula da yara masu baiwa a Nijeriya tun daga Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, sannan ta duba yadda suka shafi makarantun firamare na gwamnati a Jihar Kebbi, musamman a unguwanni irin su Badariya da ke Birnin Kebbi da kuma garin Argungu. An dogara ne kan nazarin manufofi da dokokin ilimi, tare da kwatanta su da ra'ayoyin masana da abin da ya gudana a wasu ƙasashe. Maƙalar ta gano cewa duk tanadin da aka yi wa haziƙai ya taru ne a matakin sakandare, alhali matakin firamare, inda ya kamata a fara gano baiwa a kuma raine ta, an bar shi ba tare da wani tsayayyen shiri ba.

1.0 Gabatarwa

An ƙirƙiri Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato a ranar 27 ga Agusta, 1991, a yanzu kuma tana da ƙananan hukumomi 21 da masarautu huɗu, wato Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru. Tun da Birnin Kebbi ta zama babban birnin jiha take ta bunƙasa, unguwanni irin su Badariya suna cika da ma'aikata da 'yan kasuwa da manoman da suka ƙauro daga karkara, kuma 'ya'yan mafi yawansu a makarantun gwamnati suke karatu. Muhawarar ilimi a jihar, kamar sauran jihohin Arewa maso Yamma, ta fi mayar da hankali kan yaran da ba sa zuwa makaranta da waɗanda ke kammala firamare ba su iya karatu ba, kuma wannan damuwa tana da hujja. Sai dai akwai wani rukuni da ba a cika ambata ba, wato yaran da ke cikin aji amma fahimtarsu ta yi wa darasin da ake koyarwa nisa. Tambayar da wannan maƙala ta ɗauka ita ce: wane tanadi manufofin ilimi suka yi wa irin waɗannan yara a firamare, kuma ta yaya tanadin ya sauya?

2.0 Ma'anar Baiwa da Hanyoyin Raino

A farkon ƙarni na ashirin masana a Amurka sun ɗauki baiwa a matsayin maki mai yawa a gwajin kaifin basira, kuma a kan wannan fahimta Lewis Terman ya gina dogon bincikensa da ya fara a 1921. Rahoton Marland na 1972 ya faɗaɗa ma'anar, ya haɗa da ƙwarewa a wani fanni na karatu da ƙirƙira da shugabanci da fasahar zane da wasan kwaikwayo. A 1978 kuma Joseph Renzulli ya bayyana cewa baiwa tana fitowa ne idan abubuwa uku suka haɗu a yaro: basira da ta wuce matsakaici, da naciya a kan aiki, da ƙirƙira. Muhimmancin wannan ra'ayi shi ne ya mayar da baiwa abin da ke bayyana idan an ba yaro dama, don haka yaron da bai taɓa samun damar ba zai iya kammala makaranta ba wanda ya san abin da ke tare da shi.

Hanyoyi uku aka fi sani wajen kula da haziƙai. Ta farko ita ce gaggautawa, wato a tsallakar da yaro aji ko a bar shi ya ci gaba a wani darasi kafin tsaransa. Ta biyu ita ce warewa, wato a tara haziƙai a aji ko makaranta ta musamman. Ta uku ita ce faɗaɗa koyo, wadda ke nufin barin yaro cikin ajinsa tare da ba shi aikin da ya fi na manhaja zurfi da faɗi. Renzulli ya kasa faɗaɗa koyo gida uku: nuna wa dukkan yara sababbin fannoni don a ga abin da zai ja hankalinsu, da koya musu dabarun tunani da bincike, sannan barin waɗanda suka nuna ƙwazo su binciki wata matsala ta zahiri su kaɗai ko a ƙaramin rukuni.

3.0 Matakan Sauyi a Nijeriya

Kafin zuwan ilimin boko, makarantar allo ta riga ta ginu kan tafiyar kowane almajiri gwargwadon ƙwazonsa, domin malam ba ya ƙara wa yaro karatu sai ya biya wanda ke kan allonsa ya wanke, kuma wanda ya fi saurin kamawa ba ya jiran kowa. Darajojin tsangaya, tun daga kolo da titibiri da gardi har zuwa alaramma da gwani, matakai ne da ake hawa da ƙwarewa. A zamanin mulkin mallaka kuwa zaɓe ne ya yi tasiri, inda Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ta riƙa karɓar 'yan ƙalilan da aka tace daga lardunan Arewa, cikinsu har da Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya buɗe makarantu ga ɗimbin yara cikin ɗan lokaci, har yawansu ya fi ƙarfin ƙwararrun malamai da ake da su. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, wadda aka sake dubawa a 1981 da 1998 da 2004 da 2013, ta sanya masu baiwa cikin rukunin yaran da ke buƙatar ilimi na musamman, tare da masu larurar gani da ji da sauransu. Mataki mafi girma ya zo a 1986 lokacin da Farfesa Jibril Aminu yake Ministan Ilimi, inda aka fitar da kundin tsare-tsare na ilimin masu baiwa, wanda daga cikinsa Makarantar Haziƙai ta Gwamnatin Tarayya da ke Suleja a Jihar Neja ta samo asali, aka buɗe ta a 1990. Hukumar shirya jarrabawa ta NECO ce ke gudanar da jarrabawar shiga wannan makaranta a yanzu. Wasu jihohi ma sun bi hanyar warewa: Kano ta kafa makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, Jigawa kuma ta kafa makarantar haziƙai a Bamaina a zamanin Gwamna Sule Lamido. Abin lura shi ne dukkan waɗannan makarantu na sakandare ne, ke nan suna karɓar yaron da firamare ta riga ta gama da shi.

Sauyi na gaba ya zo da shirin ilimin bai-ɗaya da aka ƙaddamar a Sakkwato a watan Satumban 1999, da dokarsa ta 2004 wadda ta keɓe kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga ilimi a matakin farko ta hannun hukumar UBEC, bisa sharaɗin kowace jiha ta kawo nata kason. A daidai wannan lokaci ra'ayin ilimin haɗaka, wato koyar da kowane yaro a aji ɗaya duk da bambancin buƙatunsa, ya samu karɓuwa a duniya bayan sanarwar Salamanca ta 1994, kuma manufar ilimin masu buƙata ta musamman ta 2015 ta tafi a kan wannan turba. A rubuce, wannan ya mayar da alhakin haziƙi ga malamin aji. A aikace kuwa, hankalin hukumomi ya tafi kan shigar da yara makaranta da gina ajujuwa, ɗan abin da aka keɓe wa ilimi na musamman kuma an fi alaƙanta shi da masu larura.

Irin wannan kai-kawo bai tsaya ga Nijeriya ba. A birnin New York na Amurka, Magajin Gari Bill de Blasio ya sanar a 2021 cewa za a soke ajujuwan haziƙai na firamare saboda ba sa wakiltar yaran dukkan al'ummomin birnin, sai magajinsa Eric Adams ya ci gaba da shirin a 2022 har ya faɗaɗa shi, amma ba a koma ga jarrabawar shiga da a da ake yi wa 'yan shekara huɗu ba. Darasin da ke ciki shi ne cewa hanyar tantance yaro ita ce ke yanke hukuncin wanda zai amfana.

4.0 Tasiri a Birnin Kebbi da Argungu

Matsala ta farko ita ce ta ganowa. Manufar ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, amma ajujuwan unguwanni masu cunkoso sukan zarce haka nesa, kuma malamin da ke fama da irin wannan aji dole ya daidaita darasinsa da matsakaicin ɗalibi. Yaron da ya gama aiki da wuri akan mayar da shi mai rubuta sunayen masu surutu ko mai maimaita wa 'yan'uwansa darasi, idan kuma gajiya da maimaici ta sa ya fara fitina sai a ɗauke shi gagararre.

Matsala ta biyu ita ce ta harshe. Manufar 1977 ta tanadi koyarwa da harshen uwa a shekarun farko, a 2022 aka tsawaita wannan zuwa shekara shida, sai kuma a watan Nuwamban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da komawa ga Ingilishi. A duk tsawon wannan lokaci da Ingilishi ake rubuta jarrabawar shiga Suleja da ta makarantun haɗin kai na tarayya. Ɗan manomin fadama ko ɗan masunci a Argungu, wanda ke iya lissafin buhunan shinkafa da ribarsu a ka, yana karawa ne da ɗan makarantar kuɗi wanda ya saba da harshen jarrabawar tun yana nazare, don haka sakamakon ya fi auna gatan yaro fiye da basirarsa.

Matsala ta uku ita ce ta nisa da tsaro. Hanyar warewa tana buƙatar iyaye su tura ɗan shekara goma sha ɗaya makarantar kwana, kuma sace ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021 ya ƙara wa iyaye fargaba, musamman game da 'ya'ya mata. Wannan yana ƙarfafa hujjar cewa ya kamata tanadin ya zo inda yaron yake.

Duk da haka yankin yana da abin ginawa a kai. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara a 1986, tana tace mahaddata tun daga ƙananan hukumomi zuwa jiha zuwa ƙasa, kuma ta nuna cewa al'umma tana iya gano hazaƙa a kuma tallafa mata ba tare da an raba yaro da makarantarsa ba. Haka kuma gidan tarihi na Kanta da bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta sanya cikin al'adun duniya a 2016, da noman shinkafa a fadamar Rima, da rubuce-rubucen Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu, duk fagage ne da ɗan aji biyar zai iya yin ƙaramin bincike a kansu, kamar auna hawa da saukar ruwan gulbi ko tattara sunayen kifaye daga bakin masunta.

5.0 Shawarwari

Na farko, Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jihar Kebbi ta samar da takardar lura mai sauƙi da malaman aji ɗaya zuwa uku za su riƙa cikewa, wadda za ta duba saurin fahimta da irin tambayoyin da yaro ke yi da naciyarsa, kuma a yarda yaro ya nuna abin da ya sani da Hausa ko wani harshen gidansu. Na biyu, a yi amfani da dabarar taƙaita manhaja, wato a gwada yaro kafin a fara sabon babi, idan ya riga ya iya sai a ɗauke masa maimaici a ba shi aiki mai zurfi. Na uku, Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu ta ƙarfafa horar da malamai kan koyar da aji mai ɗalibai mabambantan ƙwazo, Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru kuma su buɗe ɗakunan gwajinsu ga 'yan firamare lokacin hutu. Na huɗu, a tsara ƙa'idar tsallake aji a rubuce, ta yadda za a duba shekarun yaro da natsuwarsa tare da makinsa.

6.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa manufofin Nijeriya sun tashi daga zaɓen 'yan ƙalilan zuwa warewa a sakandare, sannan zuwa haɗaka, amma babu matakin da ya ba malamin firamare horo ko kayan aiki ko lokacin da zai kula da haziƙi. Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma shekaru shidan firamare su ne lokacin wannan ganewa. Faɗaɗa koyo a cikin aji ya fi gina sabuwar makaranta sauƙin kuɗi, yana kuma isa ga yaran da jarrabawar Ingilishi ba za ta iya zaƙulo su ba. Akwai buƙatar binciken fili a makarantun Birnin Kebbi da Argungu domin auna yadda malamai ke gane haziƙai a yanzu, wanda a kansa za a gina kowane shiri na gaba.