Damuwar Mai Jego: Yadda Aka Daɗe Ana Neman Sanadinta

Kusan dukkanmu mun taɓa ganin irinta a unguwanninmu, ko a Sabon Ibadan, ko Agege, ko Idi-Araba. Mace ta haihu lafiya, an yi suna, baƙi sun watse, amma sai ta koma ba ta cin abinci, ba ta barci ko da jaririn ya yi barci, ga kuka ba gaira ba dalili. Wasu su ce iska ce, wasu su ce sammu ne, wasu kuma su ce rashin godiyar Allah ne. Mun ga ya dace mu waiwayi tarihin wannan ciwo, domin sanin asalinsa zai gyara yadda muke kallon matanmu da 'ya'yanmu.

Tun kusan shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), likitan Girka Hippocrates ya ba da labarin matan da hankalinsu ke gushewa bayan haihuwa. Shi a tunaninsa jinin biƙi ne ke ƙin fita, sai ya hau kai. Bayanin kuskure ne, amma ya gane cewa daga jiki abin yake tasowa. A 1858 wani likitan Faransa, Louis-Victor Marcé, ya fitar da littafi sukutum a kan taɓin hankalin masu ciki da masu jego da masu shayarwa. Shi ma ya yi zargin sauyin da ke faruwa a jikin mace, sai dai a zamaninsa ba a ma gano sinadaran da ke janyo sauyin ba.

Likitocin da suka biyo baya sun fi kula da mai tsananin, wadda ke sambatu ko ganin abin da babu, alhali wannan mace ɗaya ko biyu kawai yake samu a cikin dubu. Sai a 1968 Brice Pitt ya bibiyi matan da suka haihu a wani asibitin Landan, ya tarar kusan ɗaya cikin goma na fama da damuwa mai nauyi a ɓoye. A 1987 John Cox, wanda ya taɓa yin bincike a kan mata a Uganda, shi da abokan aikinsa suka tsara tambayoyi goma na Edinburgh, waɗanda har gobe ake amfani da su wajen gano ciwon.

To, me ke faruwa a ƙwaƙwalwa? Lokacin goyon ciki, mabiyiya na zuba sinadarai biyu, istirojin da furojestaron, masu yawan gaske a jini. Da zarar ta fita, cikin 'yan kwanaki sai su faɗi warwas. Daga furojestaron jiki ke samar da wani sinadari mai suna allopregnanolone, wanda ke kwantar da jijiyoyin ƙwaƙwalwa, to shi ma tare suke faɗuwa. A shekarar 2000 masu bincike a Amurka suka ba mata goma sha shida waɗannan sinadarai sannan suka janye su, kamar yadda haihuwa ke yi. Biyar daga cikin takwas da suka taɓa yin ciwon suka sake jin alamunsa, amma ko ɗaya ba ta ji ba a cikin takwas ɗin da ba su taɓa yi ba. Ashe kowace mace sinadaranta na faɗuwa, wata ce dai ƙwaƙwalwarta ba ta jure faɗuwar. A 2010 kuma aka gano a Toronto cewa a makon farko na jego, sinadarin da ke rusa serotonin da dopamine, masu daidaita walwala da jin daɗi, yana ƙaruwa da kusan kashi 43 cikin ɗari.

Wannan ilimi ne ya haifar da magani na musamman. A 2019 Amurka ta amince da brexanolone, wanda a wancan lokacin ake ƙarawa ta jijiya na tsawon awa 60, sannan a 2023 ta amince da zuranolone, ƙwayar da ake sha kwana 14. Tsadarsu ta fi ƙarfin talaka, amma akwai tsofaffin magungunan damuwa da likita kan rubuta wa mai shayarwa, kuma suna aiki.

Ciwon ba ya tsayawa a kan uwa kaɗai. Dopamine na cikin abin da ke sa uwa ta ji daɗin kallon ɗanta, ta zabura idan ya yi kuka. Idan ya raunana, sai renon ya zame mata kaya, ta riƙa zargin kanta. Binciken Atif Rahman a ƙauyukan Rawalpindi na Pakistan ya nuna jariran irin waɗannan iyaye sun fi rama da yawan gudawa. A 2008 ya nuna cewa ma'aikatan lafiya mata na ƙauye, da zama da tattaunawa kawai, sun rage ciwon sosai. A nan gida ma, Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya gwada kula da irin waɗannan mata a ƙananan asibitocin jihar Oyo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 20 cikin ɗari na masu jego a ƙasashe masu tasowa na fama da matsalar ƙwaƙwalwa, galibi damuwa.

Iyayenmu ba su san waɗannan sunaye ba, amma sun san mai jego ba a barinta ita kaɗai. Ana kai ta wankan gida, kwana arba'in ba ta girki, wata na karɓar jariri ta samu barci. Mu da neman abinci ya kawo kudu, da yawan matanmu na yin jego a ɗaki ɗaya, uwa na can Arewa, miji na kasuwa tun asuba. Rashin barci da kaɗaici kuwa suna ƙara wa ciwon ƙarfi.

Don haka mu lura. Ɗan kuka da ƙunci a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne, yakan wuce cikin mako biyu. Idan ya zarce haka, a kai ta asibiti tare da ci gaba da addu'a. Idan ta fara sambatu, ko maganar cutar da kanta ko jaririn, a kai ta a ranar, kuma kada a bar ta ita kaɗai. Matan ƙungiya su riƙa zagaya masu jegonmu har bayan suna, maza kuma su ɗauki nasu rabon na raino da dare. Allah ya ba masu jegonmu lafiya, ya raya mana zuri'a. Amin.